Hanyar Gabas da Natsuwar Zuciya: Tarihin Hajjin Magabatanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya Ɗakinsa mai alfarma matattarar bayinsa, ya sanya ambatonsa abin kwantar da zukata. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi masu saurarenmu a Dogondutsi da Matankari da Ɗan Kasari, da na Tibiri da Gesheme da Dumega da Kore Mairuwa, da sauran garuruwan ƙasar Arewa, ku sani da zarar azumi ya ƙare aka ga jinjirin watan Shawwal, to watannin Hajji sun kama. Tun yanzu maniyyata sun fara shiri, wasu kuma da ba su sami iko ba zuciyarsu ta fara ƙuna. Saboda haka muka ga ya dace a wannan dare mu waiwayi tarihin hanyar Gabas, mu duba abin da ta kasance tana aikatawa a zukatan magabatanmu, har mutum ya bar gida da damuwa ya dawo da natsuwar da ake gani a fuskarsa.

Asalin wannan ibada kansa daga firgicin wata uwa ya faro. Annabi Ibrahimu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ajiye Nana Hajara da jaririnta Isma'ilu a kwarin da babu shuka babu ruwa, bisa umurnin Ubangijinsa. Da ruwan salka ya ƙare, yaro ya fara galabaita, sai ta yi ta kai da kawo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai tana neman mai agaji, sa'an nan Allah ya ɓuɓɓugo da Zamzam. Iyayenmu mata na ƙauyukan tudu, inda rijiya ke da zurfin gaba masu yawa, sun san abin da ke cikin zuciyar uwa idan tulu ya bushe yaro yana kuka. Allah ya ɗauki wannan gudu na mai firgici ya mai da shi rukuni, babu Hajjin sarki ko na talaka da zai inganta sai da shi. A nan akwai lallashi ga duk mai damuwa: Ubangijinka ya san halin da kake ciki, kuma kai da kawon da kake yi ba a banza yake ba.

Haka kuma a shekara ta 6 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fito daga Madina da sahabbai kimanin 1,400 da niyyar Umra, Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya. Aka ƙulla sulhu, suka juya ba su yi ɗawafi ba, baƙin ciki ya cika zukatansu. A kan hanyar komawa ne Suratul Fathi ta sauka, wadda a cikinta Allah ya ambaci saukar da natsuwa a zukatan muminai. Ku riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo kansa: natsuwar ta sauka ne a kan mutanen da aka hana su isa Ɗakin. Shekara ta zagayo suka yi Umrarsu, a shekara ta 10 kuma aka yi Hajjin Bankwana.

Da musulunci ya iso ƙasashen baƙar fata, sarakuna da malamai ne suka fara shahara da wannan tafiya. Mansa Musa na Mali ya yi Hajji a 1324. Askiya Muhammadu na Songhai ya tashi daga Gao a 1496, ya bi ta Masar, ya kuma kafa waƙafi a Madina domin amfanin mutanen Takruru, sunan da Larabawa ke kiran mutanen yammacin Afirka da shi, wanda daga gare shi kalmar Takari ta fito. A wancan zamani hanyar Sahara ake bi, ta Agadas da Fezzan zuwa Alƙahira, a haɗu da ayarin Masar. Daga Katsina, Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi, ya yi Hajji ya zauna a Alƙahira yana karantarwa har ya rasu a can a 1741.

Amma abin lura shi ne manyan malaman da muke karanta littattafansu a zaurukanmu da yawansu ba su sami zuwa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, yana saurayi ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru zuwa Agadas. Da malamin ya ɗaura niyyar wucewa Makka, sai ya umurci ɗalibin ya koma gida domin bai nemi iznin mahaifinsa ba. Shehu ya koma, ya yi ta begen Madina a cikin waƙoƙinsa, har ya rasu a Sakkwato a 1817 bai taka Hijaz ba. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, a tsakiyar shekarun jihadi, ƙirjinsa ya yi ƙunci da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ya kama hanyar Gabas da nufin barin kome. Mutanen Kano suka riƙe shi suka roƙe shi ya karantar da su, a can ya wallafa Diya'ul Hukkam, daga nan ya komo. Ƙuncin zuciya ne ya fitar da shi, hidimar musulmi kuma ita ta dawo da shi.

Mu a ƙasar Arewa tarihinmu sananne ne. Kakanninmu da yawa sun daɗe a kan al'adun gargajiya, Lugu da Bagaji su ne cibiyoyinsu, sarauta kuma tana Matankari. A ƙarni na 19 Arawa sun fi karkata wajen Kabawan Argungu a yaƙoƙinsu da Sakkwato da Gwandu. Musulunci ya game garuruwanmu ne a hankali a cikin ƙarni na 20, ta hannun fatake, da almajiran da suka je neman ilmi suka dawo, da alhazan da mutane suka ga yadda halinsu ya sake.

Wannan ƙarni kuwa da tashin hankali ya shigo. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransawa da ta yi ta ƙone garuruwa ta gwabza da Sarauniya a Lugu, ta wuce ta yi mummunar ɓarna a Birnin Konni. A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira zuwa Gabas da jama'a mai yawa, ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu wanda har yau da sunansa ake kiransa. Daga nan hanyar Gabas ta zama ta talakawa. Ga haraji, ga aikin dole wanda Faransawa ba su soke ba sai a 1946, ga fari da fara. Mutum ya kan dubi wannan duka ya ɗauki sandarsa da butarsa da allonsa ya ce ya yi Gabas.

Mai tashi daga nan yakan bi ta Sakkwato ko Katsina zuwa Kano, daga can Borno, ya ƙetare zuwa garin da yanzu ake kira Njamena, ya ratsa Wadai ta Abeshe, ya shiga Darfur ta Janaina da Fashir, ya kai Ubayyid inda jirgin ƙasa yake, sa'an nan bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Bur Sudan, ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba da jakar kuɗi suke tafiya ba. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda muke karantawa a Risala da Muhtasar, sun lissafa ikon tafiya da ƙafa cikin samun iko, kuma mai sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya ba a sharɗanta masa guzuri ba. Saboda haka suka tafi suna aiki zango zango: wannan wanzami, wannan maɗinki, wannan mai ga-ruwa, wancan yana karantar da yara. Da aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, da yawa suka riƙa tsayawa can suna cirar auduga har su tara kuɗin jirgi. Wani ya yi shekara uku, wani bakwai, wani ya yi aure ya hayayyafa a can, wani kuma kabarinsa yana bakin hanya. Allah ya jiƙansu da rahama.

To, ya ku bayin Allah, mene ne wannan doguwar hanya ke yi wa zuciya? Idan muka auna abin da muka tarar dattawa suna ba da labari da abin da littattafai suka koyar, za mu ga magunguna huɗu.

Na farko, sauke nauyin mutane. Mai niyyar Gabas a da ba ya sa ran dawowa, don haka kafin ya fita sai ya biya bashi, ya mai da ajiya, ya yi wasiyya, ya bi gida gida yana neman gafara, har gidan wanda suka shekara ba sa ga-maciji saboda iyakar gona ko rabon gado. Duk wanda ya taɓa riƙe mutum a zuci ya san yadda riƙo ke hana barci, ya ɓata ɗanɗanon abinci, ya kutsa har cikin salla. Wanda ya sauke wannan kaya tun bai fita gari ba ya riga ya sami rabin lafiya.

Na biyu, karyewar girman kai. Ɗan sarkin da ya ɗauki tulun ruwa yana sayarwa a kasuwar da ba a san ubansa ba, ba ya dawowa da raina maƙeri. Idan aka isa miƙati aka tuɓe riga da rawani aka ɗaura ƙyalle biyu masu kama da likkafani, babu mai gane ɗan sarauta daga talaka. Mafi yawan wahalar zukatanmu daga gasa take fitowa: wane ya fi ni, wane bai gaishe ni ba, wane ya riga ni gina soro. Harami yana hutar da mutum daga wannan ciwo, ya ɗanɗana sauƙin zama bawa cikin bayi.

Na uku, zumunci. A hanya Ba'are da Bazabarme da Bafillace da Babarbare da Buzu akushi ɗaya suke ci, idan ɗaya ya kwanta ciwo sauran su yi jinyarsa, idan ya cika su yi masa sutura. Da sun isa Makka kuma sai mutumin da iyakar saninsa kasuwar Dogondutsi ya ga kansa sahu ɗaya da mutanen Hindu da Jawa da Turkiyya, kowa da harshensa, alƙibla ɗaya. Mai jin cewa shi kaɗai ne a duniya da wahala, idan ya ga dubbai suna kuka a jikin Ka'aba, kowa da abin da ya dame shi, sai nasa ya yi sauƙi.

Na huɗu, kuma shi ne mafi girma, tsayuwar Arfa. Babu nauyin da ya kai na zunubin da mutum ya sani tsakaninsa da Ubangijinsa, bai iya faɗa wa kowa ba. Ya inganta daga Manzon Allah cewa babu ranar da Allah ya fi ƴanta bayi daga wuta kamar ranar Arfa, kuma wanda ya yi Hajji ya kiyaye kansa daga batsa da fasiƙanci zai koma ba shi da zunubi kamar jariri sabon haihuwa. Dattijon da ya shekara arba'in bai zubar da hawaye a gaban kowa ba, a can yake kuka daga zawali har faɗuwar rana, ya tashi yana kyautata zaton an yafe masa. Wannan kyakkyawan zato shi ne hasken da mutanen gari ke gani a fuskar alhaji idan an fita taryensa.

Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano, daga baya kuma daga Yamai. Yau tsakanin Dogondutsi da Yamai bai kai kilomita 300 ba a kan kwalta, daga can zuwa Jidda ko Madina sa'o'i kaɗan ne. Hukumar COHO ce ke tsara aikin, kujerun da ake ba Nijar a ƴan shekarun nan 15,891 ne. Wannan sauƙi ni'ima ce da ya wajaba a gode, domin tsoho da mace da mai rauni sun sami abin da a da sai mai ƙarfin ƙafa. Kuma albarkar Hajji ba ta gushe ba. Wasu masu bincike daga jami'o'in Amurka sun bi mutane fiye da 1,600 a Pakistan, inda ƙuri'a ake yi wajen raba kujeru, suka gwada waɗanda suka je Hajjin 2006 da waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa musu ba. Suka tarar waɗanda suka je sun fi kiyaye salla, sun fi son zaman lafiya, sun fi ganin daidaito tsakanin ƙabilu. Amma sun tarar kuma mata da yawa sun dawo da gajiya da rashin lafiyar jiki, abin da ke tunatar da maza nauyin kula da iyayensu da matansu a can.

Haƙiƙa ba a yi wa kowa alkawarin hutun jiki a Hajji ba. A turmutsutsun Mina na 2015 Nijar tana cikin ƙasashen da suka rasa alhazai, a 2024 kuma mutane fiye da 1,300 suka rasu, mafi yawansu saboda tsananin zafi. Mai ciwo ya nemi shawarar likita kafin ya tafi. Haka nan wanda baƙin ciki mai tsanani ko taɓin hankali ya kama, a kai shi asibiti tare da yi masa addu'a, domin neman magani yana cikin koyarwar Annabi, kada a ce sai ya je Makka zai warke.

Abin tsoro a zamaninmu shi ne mutum ya tafi ya dawo cikin wata guda, zuciyarsa ba ta motsa daga inda take ba. Hanyar ƙafa tana tilasta wa mai binta tuba da haƙuri da ƙanƙan da kai, ko ya so ko bai so ba. Jirgin sama ba ya tilasta wa kowa kome. Mutum yana iya hawa da gabarsa da bashinsa da girman kansa, ya sauko da su yadda suke, ya ƙara da haƙorin Makka da akwatunan tsaraba da sunan Alhaji. Saboda haka aikin da hanya ta kasance tana yi wa kakanninmu ya koma wuyan maniyyaci, shi zai yi wa kansa da gangan, kuma babu lokacin da ya fi dacewa da fara shi kamar wannan wata. Ya kai mai niyya, kafin ka tambayi ranar tashin jirgi, je ka gidan ɗan'uwanka da kuke rigimar gona ku daidaita. Mai da wa marayu haƙƙinsu. Zauna gaban malami ka koyi hukunce-hukuncen Hajji. Koya wa harshenka barin jayayya tun a layin rijiya da bakin kasuwa, domin wanda bai iya haƙuri da maƙwabcinsa ba, ba zai iya da cunkoson Mina ba.

Sai maganar guzuri, wadda ta raba gidaje da yawa a ƙasar nan. Gaskiya ne malamanmu sun tsananta wajen wajabcin Hajji a kan mai dukiyar da zai iya sayarwa ya tafi. Amma sun gindaya sharaɗin kada ya ji tsoron halakar iyalinsa a bayansa, kuma ba su wajabta wa kowa cin bashi ko roƙo domin Hajji ba. Gonar gandu da magada suka yi tarayya a cikinta ba ta mutum ɗaya ba ce balle ya sayar. Wanda ya sayar da gonar da ƙannensa da ƴaƴansa ke ci daga gare ta ba da yardarsu ba, wace natsuwa zai samu a Arfa alhali ana kuka da shi a gida? Wanda kuma ya riga ya sauke farali, yana shirin zuwa na uku ko na huɗu, ya dubi rumbun maƙwabcinsa a tsakiyar bazara kafin ya biya kujera.

Ku kuma da ba ku sami iko ba, ku ne mafi yawan masu saurarenmu, kada baƙin ciki ya cinye ku. Ku tuna mutanen Hudaibiyya da natsuwa ta sauka a kansu suna kan hanyar komawa. Ku tuna Shehu Usmanu da Malam Abdullahi. Ku tuna shekarar 2020 da 2021, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe ƙofa ga alhazan ƙasashen waje gaba ɗaya, mai miliyoyi ya zauna gida kamar yadda mai jaki ya zauna. Allah bai ɗora Hajji a kan wanda ba shi da iko ba. A yaƙin Tabuka Manzon Allah ya ba sahabbai labarin wasu mutane da uzuri ya tsare a Madina, amma suna tarayya da su a cikin lada saboda niyyarsu. An kuma ruwaito cewa wanda ya yi sallar asuba cikin jam'i, ya zauna yana ambaton Allah har rana ta fito, sa'an nan ya yi raka'a biyu, yana da lada irin na Hajji da Umra. Yafe wa mutane, da ƙanƙan da kai, da tsayuwa sahu ɗaya da ƴan'uwa, da kuka a gaban Allah a goman ƙarshe na wannan wata, duk ƙofofinsu a buɗe suke a masallacin unguwarku.

Malamai sun ce alamar karɓaɓɓen Hajji ita ce mutum ya dawo ya fi yadda ya tafi kyawun hali. Da wannan ma'auni magabatanmu suka jawo garuruwa zuwa ga salla, kuma da shi za a auna alhazan bana idan sun sauka.

Ya Allah ka karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Ka kira waɗanda ba su je Ɗakinka ba, ka ba su guzuri na halal. Waɗanda suka yi niyya ka kai su lafiya ka dawo da su lafiya da Hajji karɓaɓɓe. Ka jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka kwanta a hanyar Gabas. Ka sanya natsuwa a zukatanmu, ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da ƙasarmu Nijar da sauran ƙasashen musulmi lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.